Tuƙa

Kafin ladan ya sauke hannu daga kunne
amalanken Tsayabu ya tsaya a ƙofa,
jaki na huci, ganga biyu na yoyo:
ɓawon mangwaro daga gidan masu lemon kwalba,
tumatirin Jiratawa da ya kwana uku kasuwa
bai ga mai taya shi ba.
Ƙudaje sun riga mu yin sallama.

Injin nan babana Nomau ya haɗa shi
da haƙoran tsohuwar babbar mota
wadda ta mutu a hanyar Ɗan Isa.
Wata shida yana walda, yana tsaki, yana kwancewa,
har ya murɗa ƙarfe kamar bayan katantanwa,
ya kwantar da shi cikin rariya mai tsawon mutum.
Baki a nan, mafita a can,
tsakaninsu hanya sai ƙara ƙunci take.

Ya kan ce: ruwa nauyin banza ne.
Mai mota kilo yake ƙirgawa,
ba ya tambayar nawa ne abinci, nawa ne hawaye.

Na ɗaga makunni. Bel ya yi tari, ya kama.
Ina zuba dagwalo da tasa,
ƙarfen na karɓa ba godiya, ba gaggawa,
yana juyi, yana turawa gaba,
kowane zagaye ɗaki ne da ya fi na baya matsi.
Ta ƙasa ruwa ke tsiyaya, ja-ja, tsami-tsami,
ya bi kwata zuwa gindin zogalen Barira.
Ta gaba tuƙa ke fitowa da ɗumi,
in na damƙa sai ta riƙe shatin yatsuna.

Mu shanya a tabarma, rana ta ƙarasa aikinta.
Ran kasuwa masu jar akuya za su zo da buhu,
su shinshina, su raina, su saya.

Ina tuna hannun innata.
Shekara talatin tana matsar tunkuza a turmi
a lungunmu na Bagalam,
mai na tsattsafowa tsakanin yatsu,
ita kuwa tana raguwa ba mu lura ba.
Ran da aka fara tada injin
ta tsaya daga nesa, ta ɓoye wuyan hannu cikin zane,
ta ce: ashe ƙarfe ma ya iya.
Ba ta ƙara ko kalma ba.

Bara, da bazara, kwaɗayi ya kama ni.
Na ce bari in ƙure shi,
tuƙa ta fito ƙamas kamar an toya.
Na ɗauki sifana na ɗaure bakin mafita,
zagaye ɗaya, biyu, da rabi.
Injin ya yi gurnani, ya yi nishi irin na raƙumi,
sai ƙauri, sai shiru.
Jika arba'in wajen mai naɗin waya,
kwana tara mangwaro na ruɓewa a ganga,
maƙwabta suka daina gaishe ni da baki buɗe.

Baba na zaune a kan benci, idonsa ya riga ya tafi,
tartsatsin walda ya cinye shi tun tuni.
Ya miƙo hannu, na sa masa tuƙar ƙarshe.
Ya murza, ta zube gari.
Ya ce: ka bar mata ɗan abin da za ta riƙe kanta.

Yanzu da kunne nake aunawa.
In muryar ta yi kauri, sai in sassauta kwata.
In wuta ta ɗauke, kamar yadda ta saba da azahar,
mu zauna inuwar bedi ni da Tsayabu,
rariya na ci gaba da ɗiga ita kaɗai,
ɗis,
can kuma ɗis,
ƴar akuyar Barira ta saci jiki ta bayan ganga
tana lasar abin da muka ce banza ne.